Tambayoyinku: Wa Zai Zaɓa wa Ɗalibi Abin da Zai Karanta?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan magana ɗaya suka zo, wato zaɓin darussa a babbar sakandare. Lokacin ne ya kawo haka, domin 'yan JSS3 sun ajiye alƙalami, ana shirin raba su zuwa ajin kimiyya, ajin At da ajin kasuwanci. Malaman da ke ba ɗalibai shawara da masu tsara jadawalin makarantu ne suka amsa. Mun haɗe wasiƙun da suka yi kama da juna, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Assalamu alaikum. Ɗana ya gama JSS3. Ni burina ya zama likita, shi ya sa na ce ajin kimiyya zai shiga. Shi kuma ya kafe a kan At, wai lauya yake so ya zama. Yaro ɗan shekara 15 ya san abin da zai amfane shi? In bi son ransa ne, ko in yi amfani da ikona na uba?
*Wani uba, Zariya*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ne abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma akwai abin da yaron ya sani wanda kai ba ka gani: halin da yake shiga idan malamin Lissafi ya cika allo ya juyo ya ce "kun gane?". Shi zai zauna da darussan nan shekara uku, shi kaɗai kuma zai shiga ɗakin jarrabawa. A ganinmu zaɓin ya zama nasa. Naka aikin shi ne ka tabbatar bai yi shi ido rufe ba, kuma wannan aikin ya fi ba da umarni wuya.

Ku fara sanin cewa filin zaɓin ƙarami ne. WAEC ba ta karɓar ƙasa da darasi takwas ko fiye da tara. A manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, biyar dole ne ga kowa: Turanci, Lissafi, darasin zama ɗan ƙasa da tarihi, fasahar kwamfuta, da sana'a guda ɗaya. Gurbi huɗu ke nan ya rage. Mai son likitanci zai cike uku da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, saura ɗaya tal. Duk gardamar da kuke yi a gida a kan gurbi huɗun nan take.

Daga nan ku faro daga ƙarshe ku dawo baya. Ku zauna tare ku buɗe ƙasidar JAMB, wadda ke shafin hukumar da sunan IBASS, ku duba abin da kowane kwas yake nema. Likitanci, haɗa magunguna da aikin jinya duk Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ake rubutawa. Injiniyanci kuwa Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Aikin lauya, a mafi yawan jami'o'i, Turanci ne da Adabin Turanci, wanda yara ke kira Litireca, sai wasu biyu irin su Gwamnati, Tarihi ko darasin addini. Yara da yawa masu cewa "lauya" ba su taɓa jin cewa sai sun ci Litireca ba, darasin da ke ɗauke da ƙagaggun labarai, wasannin kwaikwayo har da na Shakespeare, da waƙoƙin Turanci da ake so yaro ya warware ma'anarsu da alƙalaminsa. Idan gudun Lissafi ne ya kai ɗanka At, ba son karatu ba, a nan asirin zai tonu.

Sai hujja. Kada ka dogara da sakamakon jarrabawar kammala JSS3 kaɗai, domin kowa ya san yadda ake gudanar da ita a wasu cibiyoyi. Ɗauko katunan sakamakonsa na zango tara, daga JSS1 zuwa JSS3, ka jera makin Lissafi, Kimiyya da Turanci. Abin dubawa shi ne inda makin ya dosa. Yaron da ya taso daga 45 zuwa 60 ya fi wanda ya gangaro daga 75 zuwa 55 alamar ɗorewa. Sannan a sami wani malami, ba na ajinsu ba, ya yi masa gwaji biyu na minti talatin-talatin. Na farko Lissafi: raba gutsure da gutsure, rubuta manyan lambobi a taƙaice, fitar da t daga v = u + at, da zana giraf daga lambobi biyar. Waɗannan huɗun su ne ƙafafun da Fiziks da Kemistiri na SS1 suke tafiya a kansu. Na biyu karatu: a ba shi shafi guda na labarin Turanci da bai taɓa gani ba, ya taƙaita shi cikin jimla biyar, ya kuma faɗi dalilin da ya sa wani a cikin labarin ya yi abin da ya yi. In ya faɗi gwajin Lissafi, a bincika dalili kafin a yanke hukunci. Akwai yaran da suka yi shekara guda ajinsu babu malamin Lissafi, akwai kuma waɗanda Turancin tambayar ne ke kayar da su, in aka fassara musu da Hausa nan take su warware. Wannan giɓi ne da darasin hutu na wata biyu zai iya cikewa, ba rashin kai ba ne.

Ka kuma kai shi ya ga aikin da idonsa. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, ku je ku zauna safiya ɗaya. Ka nemi wani likita ko ma'aikacin jinya cikin dangi ko unguwa ya gaya masa gaskiyar kwanan asibiti da shekara shida na karatu. Lauya kuma ya gaya masa shekara biyar ce a jami'a, sannan makarantar lauyoyi.

In bayan duk wannan yaron yana da ƙarfi a ɓangarorin biyu kuma yana kokwanto, ya shiga kimiyya ya sa Litireca a gurbinsa na huɗu. Dalili shi ne komawa At daga kimiyya ta fi sauƙi: Gwamnati ko darasin addini mutum na iya karanta su a gida ya ƙara su a zaman jarrabawa na biyu, amma Kemistiri ba ya karantuwa a kan tabarma babu malami babu kayan gwaji. In kuwa hujja ta nuna At, kuma zuciyarsa na can, ka sa masa albarka. Abin da muka fi gani a ɗayan ɓangaren shi ne yaron da aka tura kimiyya ya lallaɓa har SS3, ya fito da D7 a Kemistiri da E8 a Fiziks, ba shi ga likitanci, ba shi ga lauya saboda bai yi Litireca ba. Shekara uku da kuɗin jarrabawa sun tafi, sai a koma ana neman kowane irin kwas.

Ina SS2 ne a ajin At. Ba ni na zaɓa ba, makaranta ce ta kalli makinmu ta raba mu, babu wanda ya tambaye ni. Ni aikin jinya nake so tun ina ƙarama. Zan iya canzawa yanzu?
*Wata ɗaliba, Katsina*

'Yarmu, abin da aka yi muku ba daidai ba ne. Maki hujja ce da za a kafa wajen ba ɗalibi shawara, bai isa ya zama hukuncin da za a yanke ba tare da an ji ta bakinsa ba. Wannan hanyar ce ta sa ajin At ya koma wurin zuba waɗanda aka ga sun gaza, alhali daga can alƙalai, 'yan jarida da malaman harshe suke fitowa.

Ga yadda lamarinki yake. Kwalejojin aikin jinya da ungozoma suna neman kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. Makarantun koyon kiwon lafiya su ma darussan kimiyya suke nema, don haka kada wani ya ce miki da takardar At za ki shiga.

Lokacin da canji ya fi sauƙi shi ne zango na farko da na biyu na SS1. A SS2 matsala biyu ce. Ta farko, an wuce ki da shekara guda, kuma a SS1 ne ake aza tubalin: ma'aunai da motsi a Fiziks, tsarin ƙwayar zarra, alamomin sinadarai da lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, a Kemistiri. Wanda bai riƙe lissafin mol ba zai yi ta kallon allo ne har SS3. Ta biyu, makarantu na tura wa WAEC makin gwaje-gwajen cikin aji na kowane darasi tun daga SS1, ke kuma ba ki da makin Fiziks da Kemistiri na wannan shekarar.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce ki koma SS1 ajin kimiyya, a makarantarku ko wata. Shekara ɗaya za ki rasa. Mun san akwai nauyin ganin ƙawaye sun wuce, amma shekara ɗaya a yanzu ta fi uku da ake ɓatawa ana maimaita jarrabawa daga baya. Hanya ta biyu, ki ƙarasa At ki tabbatar kin ci Turanci da Lissafi, kina ɗaukar darasin kimiyya da yamma na aƙalla wata goma sha takwas, sannan ki rubuta jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO don ki ci darussan kimiyyar ukun. Hakan ya zama zama biyu ke nan, babu sauran damar faɗuwa. A wannan jarrabawar ba a shiga ɗakin gwaji, a takarda ake amsa tambayoyin firaktikal, amma duk da haka ki nemi malamin da zai sa ki riƙe buret, wato bututun gilashin da ake ɗigo ruwan sinadari da shi, da hannunki, domin wanda bai taɓa ganin ruwa ya sauya launi ba da wuya ya amsa daidai. Makarantun share fage, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, sun fi dacewa da wanda ya riga ya yi kimiyya ya sami rauni, ba wanda zai fara daga tushe ba.

Ki je wa shugaban makaranta tare da mahaifinki ko wani babba a gidanku, da katunan sakamakonki a hannu, cikin makon nan.

An ce an cire wa 'yan At Lissafi. Da gaske ne?
*Wani ɗalibi, Bauci*

Ɗanmu, rabin labarin ka ji. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ce kiredit a Lissafi ba sharaɗi ba ne ga mai neman gurbin karatu a kwasa-kwasan At, daga baya kuma ta fayyace cewa kowane ɗalibi sai ya yi rajistar darasin ya zauna jarrabawarsa. Kimiyya, fasaha da kwasa-kwasan zamantakewa irin su Tattalin Arziki suna nan da sharaɗinsu. Wato in ka watsar da Lissafi yau, gobe ka ga Tattalin Arziki ko Akanta sun ba ka sha'awa, ƙofa ta rufe. Nemi C6 ɗinka ka ajiye.

Ni shugaban wata makarantar al'umma ce. 'Yan SS1 ɗinmu 120 ne a aji uku, malamai kuma ba su taka kara sun karya ba. Ina so in bar yara su haɗa darussan da suke so, misali ɗan kimiyya ya ɗauki Tattalin Arziki, amma jadawali ya hana. Yaya ake yi?
*Shugaban makaranta, Gusau*

Ranka ya daɗe, jadawalin da aka gina a kan aji shi ne yake hanawa. Muddin "SS1A" na nufin kimiyya daga safe zuwa tashi, babu zaɓi sai na aji. Maganin shi ne a gina jadawalin a kan rukuni: a wasu sa'o'i dukkan 'yan SS1 su tashi lokaci ɗaya, kowa ya nufi ɗakin darasin da ya zaɓa.

Bari mu yi lissafin. A ce kuna yin darasi takwas na minti 40 daga Litinin zuwa Alhamis, biyar ranar Juma'a. Jimla 37 a mako. Ba Turanci 5, Lissafi 5, zama ɗan ƙasa 3, kwamfuta 3, sana'a 4 a haɗe biyu-biyu. An ci 20. Waɗannan kowa zai yi su a ajinsa na asali, kuma ajin ya zama gauraye, kada a ware "masu ƙoƙari" wuri guda. Saura 17: rukuni huɗu, kowanne darasi 4 a mako, ya ci 16, ɗayan da ya rage a bar wa ɗakin karatu ko ganawa da malamin shawara.

Ga misalin rabo. Rukuni na ɗaya: Fiziks, Litireca, Akanta. Na biyu: Kemistiri, Gwamnati, Kasuwanci. Na uku: Bayoloji, darasin addini, Tattalin Arziki. Na huɗu: Tattalin Arziki kuma, Litireca kuma, Labarin Ƙasa, Hausa, Larabci. Kowane yaro zai ɗauki ɗaya daga kowane rukuni. Ka ga mai son likitanci ya sami ukunsa, ya kuma ƙara Tattalin Arziki ko Litireca a na huɗu. Mai son injiniyanci na iya barin Bayoloji ya ɗauki Tattalin Arziki a na uku da Labarin Ƙasa a na huɗu. Mai son shari'ar Musulunci ya haɗa Litireca, Gwamnati, addini da Larabci. Darasin da aka maimaita a rukuni biyu shi ne mabuɗin, domin shi ke ba yaro damar tsallaka iyakar kimiyya da At.

Amma kada ka kwafi wannan rabon kai tsaye. Tun zango na uku na JSS3 a raba wa yara takarda, kowa ya rubuta darussa huɗu da yake so da guda biyu na ko-ta-kwana, uba ko mariƙi ya sa hannu. Sai a zana tebur, darussa a jere ta sama da ta gefe, a ƙirga yara nawa suka haɗa wannan da wancan. Duk darussa biyun da yara da yawa suka haɗa, kada su faɗa rukuni ɗaya. Waɗanda kusan babu mai haɗa su, su ne abokan rukuni.

Inda ake tuntuɓe wuri huɗu ne. Malami ɗaya mai darasi biyu: in mutum guda ke koyar da Gwamnati da Kasuwanci, ba za su zauna rukuni ɗaya ba, tunda ba zai rabu biyu ba. Nauyin malami: darasi ɗaya a rukuni ɗaya daga SS1 zuwa SS3 ya kama 12 a mako, wanda aka maimaita ya kama 24, kuma daga nan bai kamata a ƙara masa komai ba in ana so ya duba littattafan yara. Ɗakuna: rukuni mai darasi biyar na buƙatar wuri biyar a lokaci guda, kai kuma aji uku gare ka, don haka sai an shigo da ɗakin gwaji da ɗakin karatu cikin lissafi. Sai cunkoso: in yara 70 suka zaɓi Bayoloji, sun wuce 40 da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada wa aji guda a babbar sakandare, dole a raba su biyu, a sa kashi na biyu a wani rukunin. Darasin da bai sami yara goma ba, a shawarce su su koma zaɓinsu na ko-ta-kwana, sai dai in kwas ɗin da suke nema ba ya yiwuwa sai da shi.

Abu ɗaya kuma da muke roƙonka: kada ka buɗe Kemistiri don iyaye su ga kana da ajin kimiyya. In yara 40 za su yi gwajin asid, ana buƙatar aƙalla buret goma masu cin mililita 50, fifet (bututun ɗibar ruwa) goma masu 25, kwalaben gwaji da maƙalansu, don yara huɗu-huɗu su yi da hannunsu. Makarantar da buret ɗinta ɗaya ne, malami na yi yara na leƙe, kallon kitse take sa iyaye su yi wa rogo. Jihar Kano ta gane haka tun 1977, lokacin da ta tattara kayan aiki da malamai a makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa maimakon ta watsa su ko'ina. In ba ka da kayan, gara ka gaya wa iyaye gaskiya, ko ka ƙulla yarjejeniya da makarantar da ke kusa ku riƙa amfani da ɗakin gwajinta ranar Asabar.

A ba yara mako shida na farkon SS1 su gwada, wanda ya ga bai dace ba ya canza, daga nan a rufe.

Na ji an ce a Turai yara ne ke zaɓar abin da za su koya tun suna ƙanana, shi ya sa suka ci gaba. Me zai hana mu bar 'yan firamare ma su zaɓa?
*Wata malamar firamare, Kaduna*

Malama, makarantun da ke yin haka ɗungurungum 'yan kaɗan ne. Wadda aka fi sani ita ce Summerhill a Ingila, da A. S. Neill ya kafa a 1921, inda shiga aji ganin dama ne. Makarantar kwana ce ta kuɗi, ɗalibanta ba su kai ɗari ba, malamai kuma sun san kowane yaro ciki da bai. Ba ita ce tsarin ƙasar ba. A mafi yawan makarantun Ingila yaro na bin manhaja kusan iri ɗaya da kowa, ya fara ɗan zaɓi wajen shekara 14, sai a 16 ya taƙaita ga darussa uku ko huɗu. A Finlan ɗan babbar sakandare shi ke tsara jadawalinsa, amma bayan ya yi shekara tara ta karatun bai ɗaya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na abin da zai karanta dole ne, ga malamin shawara a tare da shi.

Ba ma sai mun je nesa ba. A makarantar zaure ɗalibi ne ke zaɓar malaminsa, ya ɗauko littafinsa, a biya masa gwargwadon abin da zai iya riƙewa, na kusa da shi na karanta wani littafin daban. Zaɓi ne na gaske, wanda ya fi na sakandarenmu faɗi. Amma babu mai zuwa da Muhtasar bai bi ta Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala ba, kuma babu mai zama a zaure bai wuce babbaƙu da farfaru a makarantar allo ba. A matakin allo ba a tambayar yaro ko yana son harafi kaza. Karatu, rubutu da lissafi su ne babbaƙu da farfarun boko. Yaron da aka bari ya guje wa jadawalin sau yana aji uku, an rage masa zaɓin da zai samu yana ɗan shekara 15.

Abin da za ki iya ba su tun yanzu shi ne zaɓi a cikin darasi. In za a yi insha'i, rubuta batu uku kowa ya ɗauki ɗaya, amma tsawo da ƙa'idar rubutu iri ɗaya. A lokacin karatu baza littattafan labari goma, kowa ya ɗauka, ranar Alhamis ya faɗa wa aji abin da ya karanta cikin minti biyu. In ana koyon awo, wani ya auna ƙofar aji, wani filin ƙwallo, wani tsawon abokansa, duk da santimita da mita. Abin da za a koya naki ne, hanyar zuwa gare shi tasu ce. Kada zaɓin ya wuce uku ko huɗu, domin in ya yi yawa rabin darasin zai ƙare a "wanne zan ɗauka?". Ki kuma lura da yaron da kullum mafi sauƙi yake ɗauka, da wanda abin da abokinsa ya ɗauka kawai yake bi. Maganinsu shi ne kowa ya rubuta zaɓinsa a takarda kafin a faɗa a fili, kuma ba a maimaita irin zaɓi ɗaya sau uku a jere.

An ce yara za su zaɓi sana'a, amma a makarantar 'yata sana'a ɗaya aka ɗora wa kowa, ita ma a allo ake yin ta. Ina zaɓin yake?
*Wata uwa, Kano*

Hajiya, kukanki na kan hanya. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2011 ta jera sana'o'i 34, amma makarantu da yawa suka ɗauki waɗanda alli da allo suka wadatar, kamar dabarun talla. Ta 2025 ta rage su zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Babu ko ɗaya cikinsu da ake iya koyo a allo.

Babu makarantar da za ta iya buɗe shidan, amma biyu ko uku mai yiwuwa ne, kuma wannan magana ce ta taron iyaye da malamai. Ku je da lissafi a hannu. Ɗinki na son keke ɗaya ga yara huɗu ko biyar, in sun fi haka wasu za su gama zango ba su taka feda ba. Sola na son faranti ɗaya, batir, na'urar daidaita caji, inbata da mitar gwada wuta ga kowane rukuni na yara takwas zuwa goma, kuma babba ya tsaya a kansu saboda batir na iya tartsatsi in aka haɗa waya a juye. Lambu fili ne da ruwa, don haka makarantar da ba ta da rijiya kada ta fara shi da rani. Malami kuma ba sai mai digiri ba: tela ko mai gyaran waya na unguwa zai iya zuwa sau biyu a mako ya yi aikin hannu, malamin makaranta ya riƙe ɓangaren rubutu da jarrabawa za ta tambaya.

Na ci 251 a JAMB, na nemi Tattalin Arziki, amma aka ce darussan da na rubuta ba su dace ba. Turanci, Tattalin Arziki, Gwamnati da addini na yi. Mai shagon intanet ne ya cike mini. Akwai gyara?
*Wani matashi, Sakkwato*

Ƙanenmu, makinka mai kyau ne, Lissafi ne babu. Kwas ɗin Tattalin Arziki na neman Turanci, Lissafi, Tattalin Arziki da wani darasi guda. Bayan an zauna jarrabawa ba a sauya darussa, kwas ko makaranta kaɗai ake iya sauyawa.

Hanya biyu ce a gabanka. In kana son shiga bana, buɗe IBASS ka nemo kwasa-kwasan da suka yarda da haɗin da ka rubuta. Kimiyyar Siyasa da Nazarin Zamantakewa na cikin waɗanda ya kamata ka fara dubawa. Ka duba sharaɗin jami'ar da kake so ita kanta, domin wata kan ƙara nata a kan na bai ɗaya, ka kuma tabbatar kiredit ɗinka biyar sun dace da sabon kwas ɗin. Sannan ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita ka yi canjin kafin jami'ar ta rufe tantancewa, ka karɓi takardar shaida ka karanta ta a wurin kafin ka fita. In kuwa Tattalin Arzikin ne a ranka, ka jira baɗi ka sake da Lissafi. Tambaya 40 ce a darasin, cikin 180 da ake amsawa a awa biyu, don haka ka fara atisaye da agogo tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar rajista ka je da darussanka huɗu rubuce a takarda, ka tsaya a kan mai cikewa har ka ga su ya shigar.